Ranar da Yasin Ya Ce "Wi"

Yasin ne mutanen ƙauyensu, can kusa da Gidan Sori, suka zaɓa ya riƙa tarbar baƙin proje, masu ayyukan raya karkara, idan sun zo. Manomi ne mai baki, amma bai taɓa shiga lakol ba. Matarsa Hamdiya ce ta yi karatu har kolej a Tibiri, don haka ya ce ta koya masa Faransanci.

Da farko abin gwanin sha'awa. Bayan la'asar sai su shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta faɗa ya maimaita. Ya iya gaisuwa, ya iya sunayen hatsi da dabbobi. Sai aka zo wajen juya kalma: na tafi, ka tafi, za mu tafi, kowace da irin wutsiyarta. Nan Yasin ya fara hamma. Yau ya ce sansa bai ci harawa ba, gobe ya ce ana jiransa a majalisa.

"Malam, jiya ma fa ba mu zauna ba," in ji Hamdiya.

"Ƙyale ni, don Allah. Yaren nan tuwo ne ba miya, da ƙyar yake wuce maƙogwaro."

A waje kuwa bai fasa jefa "bonjur" ba, har samari suka sa masa suna Mushe Yasin, wato Malam Yasin da Faransanci. Sunan ya yi masa daɗi.

Ana cikin bazara wata mota ta tsaya a ƙofar maigari. Wani injiniya ne baƙo, ba ya jin Hausa, yana zagaya ƙauyuka don a ga inda ya fi cancanta a haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse. Tafintansa ya tsaya taya direba canza taya. Maigari ya ce a jira shi.

"Ranka ya daɗe, ina amfanin jira ga ni?" in ji Yasin.

Baƙon ya nuna tsohuwar rijiyar gari, ya yi doguwar tambaya. Cikin maganar duka kalmar ruwa kaɗai Yasin ya tsinta. Idanun jama'a na kansa. Ya gyara hula, ya yi murmushi.

"Wi, wi!"

Baƙon ya sake tambaya, kamar mai son tabbatarwa. Yasin ya ƙara masa wani "wi" ɗin, wato "e", da ƙarfi.

Bayan girbi motar haƙa ta zo, ta ratsa ta gefen gonakinsu, ta wuce ƙauyen gaba. Maigari ya ɗauki Yasin suka je bin ba'asi, suka iske tafintan a wurin aikin.

"Ai wakilinku ne ya ce rijiyarku ba ta ƙafewa ko da rani," in ji tafintan. "Sau biyu aka tambaye shi."

Maigari ya juya ya kama hanyar gida, Yasin na biye da shi. Da ya zage shi ma da ya fi sauƙi. Washegari Gwaggo Indo, ƙanwar mahaifinsa, ta wuce shi da bido, jarkar ruwa, a ka, ƙafafunta sun yi furu-furu da tafiya. Ta ce, "Bonjur, Mushe," ba ta ko dube shi ba. Yasin ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya daina zuwa majalisa, sallah ma sai a sahun baya.

Wata safiya ya ɗaura wa sa amalanke, ya bi gida-gida yana karɓar bidon mata, ya ce shi zai riƙa ɗebo musu daga sabon foraj. Zai fita gari Hamdiya ta ɗane bayan amalanken ta zauna. Sun yi nisa, bidon na ta bugun juna.

Can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Yaya ake cewa ban gane ba, a sake faɗa mini?"

Ta faɗa masa. Ya yi ta maimaitawa har suka isa.

Tun daga nan karatun ya koma kan hanya. Ta daina sa shi haddar wutsiyoyi. Sai ta ba shi labarin wa ya yi faɗa da wa a gari, da Faransanci, in yana son jin ƙarshen sai ya yi tambaya da yaren. Wani lokacin gajiyar takan dawo, ya zuba wa bayan san ido. Ba ta matsa masa. Shi da kansa yake cewa, "To, ci gaba."

Maigari ya sake kai kukan garin, an ce su saurara. Har yanzu dai Yasin ne ke ɗebo ruwan.