Wa Zai Riƙe wa Halidu Igiya

Injin ban ruwa ya mutu da hantsi, daidai lokacin da albasa ta fara yin kai. Ya yi tari can ƙasan rijiya, ya shaƙe, sai tiyo ya kwanta laƙwas a bakin fangali. Halidu yana tsaye gindin mangwaro ya ji shirun ya sauka a garkar, lambun albasarsa. Duk wanda ya taɓa noman rani a fadamar Madawa ya san albasa mai kai ba ta da haƙuri. Ka hana ta ruwa a zafin nan, ganye ya kwanta, kai ya tsaya ƙanƙane, wahalar shekara ta tashi a banza.

Rijiyar kuwa ba irin ta da ba ce. Ruwa ya gudu ƙasa har inji ba ya iya jawo shi daga sama, don haka masu garka suke haƙa rami mai zurfi su saukar da injin kusa da ruwa. In ya lalace, sai mutum ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, ya gyara, ya tada shi a can. To a nan wuyar take. Da injin ya kama, hayaƙi ke cika ramin, gwiwa ta mutu, ido ya rufe, ƴan matakan da aka sassaƙa a bango su gagari ƙafa. Na sama ne zai jawo ka da sauri. Shi ya sa a fadamar nan ba kowa ake ba riƙon igiya ba, kuma mai riƙo ba ya waiwaye ko uwarsa ce ta kira shi.

Bara war haka garkar ta Alhaji Ango ce, surukin Halidu. Uban Halidu ne ya haƙa rijiyar farko a wurin da hannunsa, ya mutu bai mallaki ko fangali ɗaya ba. Halidu ya tashi a cikinta yana ɗan ƙwadago, ya zama babba cikin ma'aikata, har Alhaji ya ba shi ƴarsa Zulaiha. Yakan dafa kafaɗarsa gaban mutane ya ce ga hannun damana. Hannun dama dai, amma in kamyo, babbar motar kaya, ya zo ɗaukar albasa zuwa Abijan, a zauren Alhaji ake maganar, Halidu yana waje yana ɗinkin buhu. Sai kuma labari ya fito cewa Alhaji zai sayar wa wani attajirin Ƙonni garkar, ya koma cinikin hatsi a gari. Ba wanda ya tambayi Halidu ko da a bakin wasa.

Cikin kwanakin nan injin ya lalace. Alhaji mutum ne mai taurin kai, bai yarda da hannun kowa a kan injinsa ba. Ya tuɓe riga ya sauka, Halidu na riƙe da igiya. Alhaji ya gyara, ya tada, ya girgiza igiya a jawo shi. Halidu bai ja ba. Bai kuma saki ba, kuma da wannan yake rarrashin kansa har yau, wai ai bai saki ba. Tsayawa kawai ya yi yana jin igiyar tana motsi a tafinsa, tana motsi, har ta daina. Sannan ya kwarma ihu. Mutane suka ce ajali ne, hayaƙi ya yi sauri. Da yake ƴaƴan Alhaji maza duk ƙanana ne, dangi suka ce Halidu ya riƙe garkar, wa ya san ta kamarsa.

Ya kuwa riƙe. Shi da yake rantse wa abokan ƙwadagonsa cewa da garkar tasa ce raba daidai za a yi, girbin farko ya ishe shi ya koyi bakin Alhaji: isansi, man injin, ya yi tsada, taki ya yi tsada, kasuwa ta faɗi. Ma'aikata biyu suka tattara komatsansu suka tafi. Saura Hafizu, mutumin Garhanga, dogo mai shiru-shiru, wanda ranar mutuwar Alhaji yake can ƙarshen garka yana cire haki. Abin da ya hango daga can Halidu bai sani ba, bai kuma taɓa samun ƙarfin zuciyar tambaya ba.

Yau da injin ya mutu, Halidu ya kira makaniken Madawa a waya. Mutumin ya ce yana Tawa, sai jibi in Allah ya yarda. Jibi! Albasa ce za ta jira jibi?

Yana cikin wannan sai ga ƙanensa Abdurrazak a kan moto, wato babur, wanda gari ke kira Mushe, malam kenan a bakin Faransanci, don a lise, makarantar sakandare, yake koyarwa. Bikin suna zai je Buza, ya biyo ya tsinki ganyen salati. Allah ya yi wa Mushe baki, in ya fara ko ruwa ba ya nema. Ya tsuguna cikin salati yana ba da labarin wani tsohon tiyatir, wasan kwaikwayo na Turawa, da yake karantar da ɗalibansa, na wani sarkin yaƙi da ya kashe ubangidansa don ya hau gadon sarauta. Bai san komai ba, bawan Allah, hirarsa kawai yake yi.

"Kowa cewa yake matar ta zuga shi, ko bokaye sunka ruɗe shi," in ji Mushe. "Ni ko ina ce ma yara su dubi wa ke da ƙasa, wa ke da hannuwa kawai. Shi ke yaƙin, wani ke cin ganima. Wannan bai wanke laihinai ba, Yaya, amma nan abin ya soma. Abin tausai kuma, bai karya gadon ba, hawa ya yi. Tun daga ranar, duk wanda ya tsaya inda shi ya taɓa tsayawa, tsoronai yake ji."

Halidu ya katse shi. Ya ce masa ya kwashi salatinsa ya kama hanya, rana na yi. Mushe ya yi dariya, ya ce manoma ba su son ilimi, ya tada motonsa ya tafi.

Halidu ya ɗauko igiya daga bukka. Ita ce dai ta bara, bai canza ta ba don kada a tambaye shi dalili. Ya kira Hafizu, ya miƙa masa kile, wato sifana, da tsumma, ya ce buji ne, fulogin injin, ya sauka ya goge ya tada, shi zai riƙe. Ya faɗe shi da muryar mai garka, yana duban wani wuri.

Hafizu bai karɓa ba. Ya dubi igiyar, ya dubi hannun da ke riƙe da ita.

"Maigida, ka sa ni kowane aiki in yi," ya ce a hankali. "Amma ba ni shiga rijiyar da kai ke riƙe da igiyatta."

Shi ke nan. Bai ɗaga murya ba, bai ambaci sunan Alhaji ba. Halidu ya buɗe baki zai yi faɗa, ya ce wane irin raini ne wannan, sai ya fasa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka fito da gawar. Ashe shekara guda mutumin nan yana cin tuwonsa, yana ce masa maigida, da abin a cikinsa.

"Kai ka shiga," in ji Hafizu. "Ni in riƙe."

Halidu ya dubi fangulan. Bakin ganye ya fara lanƙwasa a na gefen yamma, inda yashi ya fi yawa. Wannan garkar ita ce duk abin da ya samu, kuma ya san da me ya saye ta. Ya tuɓe riga, ya ɗaura igiyar a ƙugu, ya ƙulla, ya kwance, ya sake ƙullawa. Ya juya baya ya zura ƙafa.

Ƙasan ramin da sanyi da warin isansi. Kusa da ƙarshe ƙafarsa ta laluba mataki ta rasa. Ya karye, tun bara ya karye ƙarƙashin ƙafar wani, ba wanda ya gyara shi. Halidu ya dira gefen injin yana haki. Ya kwance buji, ga shi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya kankare, ya goge, ya hura, ya mayar ya ɗaure. Aikin da ya iya tun yana saurayi ne, hannunsa ya yi shi ba da saninsa ba. Ya kama zaren tada injin, ya ɗan ja kaɗan ya ji nauyinsa, ya tabbata fizga ɗaya zai kama.

Sai ya ɗaga kai. Can sama, bakin rijiyar ya koma ɗan faifai na haske, ga kan Hafizu a ciki, baƙi, ba a ganin fuska. Haka kenan Alhaji ya gan shi. Ya kira sunan Hafizu, muryarsa ta fito wata iri.

"Ina riƙe," aka amsa daga sama.

Shi ma ai yana riƙe a ranar. Ya tuna buhunan da ya rage wa Hafizu a girbi, ya tuna ranar da ya hana shi zuwa ta'aziyya don ana shuka. Ya tuna kuma cewa ba sai mutum ya yi komai ba, tsayawa kawai zai yi, gari ya ce ajali. Fizga ɗaya ruwa ya gudana cikin fangula. Fizga ɗaya hayaƙi ya tashi, ga mataki a karye. Yatsunsa suka ƙage a kan zaren. Ya ce bismillah, ya tattara ƙarfi a kafaɗa, hannun ya ƙi. Ya sake, ya ƙi. Wallahi ya so ya ja, har hawaye ya zo masa don takaici.

Ya saki zaren. Ya ɗaga murya ya ce injin ya mutu murus, ba buji ba ne, a jawo shi.

Bai rufe baki ba ya ji an ɗaga shi. Hafizu ya ja da ƙarfi, ja na gaskiya, ba tsayawa, Halidu ko matakan bai taka sosai ba sai ga shi a rana yana kwance kan ƙasa mai zafi. Da hayaƙi ne ma da bai cim masa ba. Wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Hafizu ya kwance masa ƙullin, ya nannaɗe igiyar tsaf, ya aje ta gaban ƙafarsa. Ya ce ya ji lokacin da aka mayar da bujin, da Halidu ya tada injin da ya jawo shi, shi ba a haka aka rene shi ba. Sannan ya shiga bukka ya ɗauko jakarsa da tabarmarsa, ya ce a yafe masa, Garhanga zai koma. Halidu bai tsayar da shi ba.

Rana ta take. Ganye ya kwanta fangali bayan fangali, yana gani. Bayan shinge akwai maƙwabta, yana jin injinansu suna ta kaɗawa, kowanne in ya kira zai zo da gudu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya a zuciyarsa. Wannan abokin shan shayin Hafizu ne. Wancan shi ya sauka ya ɗauko Alhaji. Wa ya san abin da aka faɗa wa wa? Ya zauna da igiyar a cinya bai kira kowa ba.

Bayan azahar Zulaiha ta shigo da ƙwaryar fura a kai. Ta tsaya bakin rijiya ta saurara, ta dubi albasar, ta dafe ƙirji. Ta tambayi ina Hafizu, ya ce ya tafi. Ta tambayi injin, sai gaskiya ta kuɓuce masa, ya ce a gyare yake, tadawa kawai ya rage.

Ta aje ƙwaryar, ta ɗaure zani tamau, ta ce ita ma ɗiyar garka ce, ta sha jan guga mai nauyi, za ta kira matar maƙwabci su riƙe su biyu. Da ta ga bai motsa ba sai ta tsuguna gabansa, ta sassauta murya don ta ɗauka tsoron bara ne ke damunsa.

"Maigida, ka bar tuna abin nan. Kai ma ai ka riƙe ma Baba iyakar ƙarhinka, Allah ne bai yi ba. Kawo igiyar."

Ta miƙo hannu. Halidu ya dubi tafin, irin na Alhaji sak, faffaɗa mai gajerun yatsu. Ya ƙara matse igiyar a cinyarsa.