Kujerar Almira a Bakin Ƙofa

Lokacin da aka kafa Jami'ar Bellwater a tsakiyar gonakin masara na Kansas, duk abin da ta mallaka gini ɗaya ne da ƙararrawa da malamai uku. Sai shugabanta, Dokta Erastus Pennock, mutumin da ko gaishe shi ka yi sai ya mayar maka da lacca.

Shi ne ya rantse mace ba za ta zauna a ajinsa ba, wai Girkancin da yake koyarwa yana dagula wa mata ƙwaƙwalwa. Da Almira Stroud, 'yar maƙerin garin, ta nace, sai ya sa aka ajiye mata kujera daga waje, aka bar ƙofa a ɗan buɗe. Shekara huɗu tana nan, sanyi na dukanta, tana rubutu a kan gwiwa.

Samarin ajin su goma sha ɗaya kuwa suka yi ta zubewa. Aikin titin jirgin ƙasa ya kwashe wasu, girbi ya kwashe wasu, ɗaya ya yi aure. Ga shi takardar izinin da majalisar jiha ta bayar ta ce in ba a yaye ɗalibi ko ɗaya cikin shekara biyar ba, a rufe jami'ar. Dokta ya duba hagu ya duba dama, ba kowa sai Almira, wadda ta cinye jarrabawa tas. Ba don ya so ba, ya yarda a yaye ta.

Ranar yayewa zauren ya cika, har da wakilin majalisa mai agogon zinariya. Dokta ya sha doguwar riga, ya kira sunanta. Shiru. Ya sake kira, gumi na keto masa.

Da ya leƙa waje, sai ga ta zaune a kujerarta, ta harɗe hannu.

"Haba 'yata, shigo mana, ke ake jira!"

"Ina ni ina shiga, ranka ya daɗe? Kar kaina ya dagule."

"Ki rufa mini asiri, wakili yana duba agogo."

"Ai a nan na yi karatun. A nan za a ba ni takardar digirina."

Haka Dokta ya tattare rigarsa, ya fito da takardar, wakili da malamai da masu busa suna biye, suka cunkushe a bakin ƙofa. Ya gyara murya zai fara jawabin da ya yi wata biyu yana shiryawa.

"Koma ciki ka yi, Dokta," in ji Almira. "Ka bar ƙofar a ɗan buɗe. Na saba ji daga nan."