Izinin Baba

Tun da wata jami'a a ƙasar waje ta ɗauke ta karatun haɗa magunguna, Uwata take yawo da yabon mahaifinta a baki. Shi ya sa mata sunan, don sunan tsohuwarsa ta ci, har unguwa ta ɗauka. Ƙawayenta sai sun yi kuka kafin a bar su zuwa bayan gari, ita kuwa da ta kawo zancen tafiya, ko ɗago kai daga rigar da yake gogewa bai yi ba.

"Allah ya sa a dace. Je ki nema."

Ta ɗauka wayewa ce. Mutum in ya samu abin da yake so cikin sauƙi, ba ya tsayawa tambayar dalili.

A ofishin jakadanci, matar da ke bayan gilashi ta juya fasfonta gaba da baya.

"Ina katin izinin zamanki a ƙasar nan?"

"Yana wajen lauya, ana sabuntawa."

Haka Baba yake cewa tun tana ƙarama. Matar ta nemi tsohon katin, ko lambarsa, ko hotonsa. Sai a nan Uwata ta tuna ba ta taɓa sa shi a ido ba.

"Marar izinin zama ba ya neman bizar karatu daga nan," in ji matar, da tausayin da ya fi zagi ciwo. "Sai dai ki koma ƙasar da ta ba ki fasfo."

Ƙasarsu ta asali kenan, wadda Uwata ta baro tun tana goye.

Da ta koma, ta tarar da shagonsu na wanki da guga cike da tururi, injin wanki na ta gurnani, Inna na ninke tawul a lungu.

"Baba, yaya sunan lauyan?"

"Uwata, ko sallama babu? 'Yan boko!" Ya yi dariya, ba wanda ya taya shi.

"Sunansa nake tambaya."

Ya jingine dutsen guga. "Babu wani lauya."

"Amma kai kana da kati. Inna na da shi. Yaya ma na da shi."

"Shekarar da aka yi wa baƙi afuwa, duk na yi mana. Na yi wa yayanki, da ya ga takarda a hannu sai ya sa kai ya bar ƙasar. Ina yake yau? Muryarsa ma sai mun roƙa muke ji." Ya share gumi da gefen hannu. "Ke na ce ba zan rasa ki ba."

"Ka bar ni da gangan?"

"Na riƙe ki dai."

Kafin ta ji ciwon wannan, wani ciwon ya danne shi. Ta tuna yadda ya raka ta ɗaukar hoton biza, yana tsokanarta wai ta gyara ɗankwali kada a ce 'yarsa baƙauya ce. Ta tuna yadda yake nuna ta ga masu kawo wanki: ga likitar magani nan.

"Ashe ka san ba za su ba ni ba. Shi ya sa ka ce in je."

"Gara su hana ki da in hana ki, ki riƙe ni a rai."

Ta juya wajen mahaifiyarta. "Inna, ke ma?"

Inna ta ci gaba da ninke tawul ɗin da ta riga ta ninke.

Gurbin karatun Uwata a jami'ar bai rufe ba tukuna, kuma Gwaggo, ƙanwar Baba, tana can ƙasarsu ta asali, inda za ta iya neman bizar.

"Inna, ba ni lambar Gwaggo."

"Kin san in kika fita ba za su bar ki ki dawo ba?" in ji Baba. "Ko gawata ba za ki gani ba."

"Kai ka shirya hakan, Baba, ba ni ba."

Ta ciro wayarta tana jira. Inna ba ta dubi mijinta ba. Ta ajiye tawul, ta fara karanto lambar da ka, a hankali, don kada a yi kuskure.