Idon Ajimi na Hagu

Ajimi masunci ne a Barwa, har ciwo ya hana shi jan taru. Da aka auna jininsa a Difa aka ce sida ce, wato ƙanjamau, wansa Alkali ya ce kada ya ƙara taka masa gida. Yayarsu Maimuna, mai noman tattasai a Geskeru, ita ta ɗauke shi. A shekarar maganin rage kaifin cutar ya fara isowa yankin, aka sa Ajimi a kai.

Bai daɗe yana sha ba ƙuraje suka feso masa, leɓɓansa suka tsattsage, idanunsa suka kumbura. Maimuna ta maido shi ƙaramin asibitin da ake ba da maganin, wurin Majo Umaru, shugaban masu jinya da aka turo daga yamma. Daga nesa ya dube shi.

"Me kuka ɗura masa? Ku mutanen bakin kogi ba ku rabuwa da jiƙe-jiƙe."

"Abin da ka ba shi da hannunka shi ya sha," in ji Maimuna. "Kira mana likita."

"Likitan da ke nan na tiyata ne. Wadda ta san wannan magani tana Damagaram. Ni koyarwar ƴan kwanaki aka yi mini a Yamai, aka ɗora mini kwalayen magani."

"To, ya ci gaba da sha ko ya bari?"

Majo ya kau da kai. "In ya bari, cutar ta cinye shi. In ya ci gaba, ban sani ba. Ki zaɓa, akwai mutane a bayanki."

"Ni zan zaɓa? Kai da ke cikin farar riga ba ka sani ba, sai ni? Allah ya isa tsakaninmu."

Majo ya sa mai gadi ya fitar da su.

Tattasanta ya nuna a gona, amma ta bar shi ta sa Ajimi a mota. Fasinjoji suka yi ta matsawa gefe suna toshe hanci har Damagaram. Can likitar ta duba shi, ta ce ɗaya daga cikin ƙwayoyin ne jikinsa ya ƙi, ta canza masa wata. Ajimi ya tashi, amma idonsa na hagu ya riga ya mutu.

Bayan wasu watanni, Maimuna na zaune a kasuwar Difa bayan buhunan tattasanta, sai ga Majo. Bai yi sallama ba. Ya ce wata mata ce ta zo da irin ƙurajen, yana son sanin ƙwayar da aka canza wa Ajimi.

Maimuna ta nuna masa gefe da hannu. Don matar kawai ta buɗe baki.

"Ga shi can yana ɗaure buhu, je ka tambaye shi. Ka tsaya ta damansa, ta hagu ba ya ganin kowa."

Majo ya wuce. Ita kuwa ta juya ga mai ciniki.