Rabin Muryar Nasiruddeen

Kwamfutar mijina Nasiruddeen ba irin ta kowa ba ce. Baƙin akwati ne a ƙarƙashin teburi, ba allo, ba a zama gabanta. Saba yake ce mata. Tana nan tana gurnani, mu kuma muna jawo hotuna daga cikinta zuwa wayoyinmu. Na sha yi masa tsiya cewa ya fi sanin lafiyarta a kan tawa.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, sai ya kama ɗaukar muryarsa. Kullum da hantsi yakan yi wa 'yarmu Ummi magana, lokacin tana wata tara, wai in ta yi wayo ta ji. Duk a sabar yake zubawa. Ni ban taɓa saurara ba. Haushi nake ji, don gani nake ya sallama tun da ransa.

Ina cikin takaba aka yi wata tsawa da ta bi waya ta kashe akwatin. Da aka zo rabon gado, yayansa Mannir ya zo daga Kusada. Mutum ne mai tsoron haƙƙi, ko cokali ba ya bari ya kwana a hannun wanda ba nasa ba. Ya kwance akwatin, ya tarar da faifan ajiya biyu iri ɗaya sak. Aka bar wa Ummi ɗaya tare da akwatin, ɗayan ya faɗa kason 'yan'uwa. Ni da bakina na ce hakan ya yi.

Sai da Ummi ta shekara biyar ta tambaye ni yadda babanta yake magana. Washegari na ɗaure akwatin a zani, muka kai wa Lanre mai gyara kusa da tashar Kankia.

Ya canza abin da ke raba wa sabar wuta. Fanka ta juya sau biyu ta tsaya. Ya zare memori, wato ƙwaƙwalwarta, ya goge ƙura ya mayar, shiru. Sai da ya samo wani bod, farantin da komai ke manne a jikinsa, ya sa, ya jona allo, sannan farin rubutu ya fara gudu. Har na fara hamdala, rubutun ya cije wuri ɗaya.

"Maman Ummi, ina ɗayan faifan?"

Na faɗa masa. Ya cire gilashinsa ya ajiye.

"Oga mijinki haɗe su ya yi, don ta yi sauri. Kowane abu ya ajiye, gutsure nan, gutsure can. Ɗaya ba ya magana sai da ɗan'uwansa."

A ranar na hau mota zuwa Kusada. Na tarar da Mannir ya dawo daga gona. Ko ruwan da aka kawo ban sha ba na tambaye shi faifan.

"Ai yana nan, Zahra'u," ya ce. "Sai dai na sa an goge shi kakaf tun waccan shekara, an zuba mani karatu. Cewa na yi kar a ga sirrin mamaci, ko hoton iyalinai. Wani abu ya faru?"

Na zo da masifa cike da bakina. Na dubi dattijon nan da ya yi abin don ya suturta ni, na rasa inda zan sauke ta. Kuka kawai na yi, shi ma da ya gane ya kama.

Lanre bai haƙura ba. Mako biyu yana tono a faifanmu, ya ciro 'yan guntaye, yawanci ƙara ce kawai. Ɗaya ne ya fita tas. Ya sa wa Ummi abin ji a kunne ɗaya, ni ɗaya.

Nasiruddeen ya yi gyaran murya. "To, Ummi, ɗiyata. Yau ina so in gaya maki..."

Nan ya yanke. Ummi ta danne abin a kunnenta tana jira.

"Umma, ya gaya mani mi?"

"Ban sani ba," na ce. "Ban saurara ba."