Ranar da Shugaba Ya Kashe Soket

Tunda aka kawo wayoyin tebur masu aiki da intanet ofishin ƙungiyar manoman shinkafa a Haɗeja, Alhaji Abdulmannan, shugaban ƙungiyar, ya hana kowa sakat. Mutumin da a da yake ɗaga murya ya kira masinja daga ƙarshen baranda, yanzu sai ya danna lamba ya kira Ummussalma sakatariya, alhali bango ɗaya ne tsakaninsu, har tarinsa tana ji.

Duk wayoyin a jikin wani ɗan akwati mai ƙyaftawa suke, shi ke ba su wuta da intanet. Mai haɗawa ya ce a kafa shi a baranda. Alhaji ya ce ina! Uwar wayoyi guda a baranda kamar takalmi? A ofishinsa za ta zauna. Bai tsaya nan ba, ya sanar da masu kula da madatsar ruwa cewa daga yau, in za su saki ruwa, lambar ofis kaɗai za su kira. Kiran wayar hannu ƙauyanci ne, in ji shi.

Ummussalma ce ke ɗaukar wannan kiran ta sanar da manoma. A makon nan kuwa kunnenta na kan wayar, domin shinkafar mahaifiyarta, Inna Saude, tana yashe a fadama, an yanke ba a sussuke ba. Abincin gidansu na shekara ke nan, kuma kogi ya riga ya cika ya batse.

Ranar Laraba aka yi wa Alhaji rasuwa a Jahun. Kafin ya fita ya yi abin da kowane mai hankali ke yi a garin da wuta ke zuwa da hauka: ya bi soket ɗaya bayan ɗaya ya kashe, ya datse ƙofa, ya jefa makulli a aljihu.

Wayar teburin Ummussalma ta yi ɗif. Lambar masu madatsar ma a cikin wayar take, ga fuskar wayar ta yi baƙi ƙirin. Ta kira Alhaji a wayar hannu har ta gaji. Wa zai ɗaga waya a zaman makoki?

Ta samu Bala maigadi. "Baba Bala, don Allah a ɓalle ƙofar nan."

"Ofishin shugaba? Ke 'yar nan, rufa mini asiri."

Ta je wa mataimakin shugaba, Malam Misbahu. Ya gyara hula, ya ce shiga ofishin babba ba ya nan rashin ladabi ne, a jira shi. Kai, ladabi dai! Maza cike da ofis, an rasa mai taɓa kwaɗo ɗaya. Takaici ya ishe ta, ta koma ta zauna tana kallon matacciyar waya har aka tashi.

Washegari da hantsi ruwa ya shiga fadama. Ita da Inna Saude da maƙwabta suka yi ta tsamo dammunan da hannu ya kai gare su, ruwa har ƙugu. Sauran kuwa kogi ya tafi da su. Inna ba ta yi kuka ba, ta zauna a kan tudu tana ta salati.

Da la'asar Ummussalma ta shigo ofis, zaninta jiƙe, laka har gwiwa. Alhaji ya dawo, ya kunna soket, wayoyi sun farfaɗo. Wata 'yar fitila ja tana ƙyaftawa a tata. Ya matso da kansa ya danna, ma'aikata suka kewaye teburin.

Muryar wani mutum ta fito: "Salamu alaikum. Daga madatsa ne, yau Laraba. Mun yi ta kira ba a ɗauka. Za mu saki ruwa, a gaya wa mutanen fadama su kwashe amfaninsu yau ɗin nan."

Alhaji ya dubi jama'a, fuskarsa fal murmushi.

"Kun gani? Ko tana kashe sai ta ajiye saƙo. Ummussalma, kin ji yadda murya ke fita tangaram?"