Wanda Za a Bari a Tsibiri

Jirgin ruwan ya dare gida biyu a cikin akwatin talabijin, mutanen da ke ƙarƙashin rumfar Labo mai shayi suka ɗauki salati gaba ɗaya. Babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinsu. Ruwa mafi girma da suka sani shi ne gulbi in ya kawo a tsakiyar damina.

Wani ɗan takarar kansila ne ya ajiye musu talabijin ɗin, da injin wuta da faifan wasan kwaikwayo, a shekarar da sojoji suka ce za su shirya zaɓe su koma bariki. Ƙauyen bai da nisa da Cadakori, kuma an gama girbi, ba aikin fari ba na baƙi, saboda haka kullum bayan azahar Labo sai ya tada inji. Turawan cikin wasan suna wani yare da ko malamin lakol, wato makarantar boko, ya ce ba Faransanci ba ne. Kowa sai ya ga abin da ya gani ya fassara wa kansa. Waɗanda suka tsira zuwa tsibirin ma mutanen rumfa ne suka raɗa musu suna: Soja, Likita, Masunci, Tsohuwa, da wani da katako ya danne wa ƙafa, aka sa masa Gurgu.

Wannan sunan na ƙarshe Chindo ba ya son jin sa. A farkon damina amalanke ya kife da shi a hanyar kasuwa, ƙafar hagu ta karye, ɗori bai kama da kyau ba. Har aka ɗaure damin ƙarshe bai riƙe hauya ba, amma shi da matarsa Zainaba da 'ya'yansu sun ci tuwon gandu kamar kowa. Ga shi ranar rufe rumbu ta gabato. A gidansu, ranar nan ce babban wa yake toshe bakin rumbun gandu da laka sai wata damina, kuma a nan yake faɗin wanda ke cikin gandu baɗi da wanda za a yanka wa gona ya ci da kansa. In aka ware Chindo da wannan ƙafar, ya san iyalinsa yunwa za ta ci su. Abin da ke hana shi sukuni ke nan.

Babban wan nasu, Ubaidullahi, mutum ne da ba a gane cikinsa. Yana gaban rumfa a zaune ranar da gardama ta kaure.

"Ni dai Soja," in ji Labo yana zuba shayi. "Ba don shi ba da sun cinye juna. Shi ya tara su, shi ke raba abinci."

Ɗanmalam tela ya yi tsaki. "Ka taɓa ganin ya kama kifi ko guda? Rabo kawai ya iya. Kuma akwatin biskit ɗin nan da shi yake matashin kai. Wai in an gama ɗaure kwalekwale zai sauka daga shugabanci. To, mu gani a ƙasa."

"Wa ya ce maka ya faɗi haka? Kana jin yarensu ne?"

"Fuskarsa ta faɗa."

Aka kwashe da dariya, Labo ya waiga wajen hanya ya ce a rage murya. Wani ya kawo sunan Likita, aka yi masa caa: likitan da ba allura ba ƙwaya, ai shi da kowa ɗaya ne. Masunci ya sami magoya baya, amma Ɗanmalam ya dage a kan Tsohuwa. Ya ce duk wanda ya jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci ya ci a yunwar bara don kada ya mutu ya san darajar matar da ta san ganyen da ake ci da wanda ke kisa. Nan babu wanda ya musa masa, don kusan kowa ya ci.

"Gurgu fa, Ubaidu?" Labo ya tambaya. "Kai ba ka ce komai ba."

Ubaidullahi ya kurɓi shayi. "Kwalekwalen ba zai ɗauke su duka ba. Shi dole a bar shi a tsibirin. Mai irin wannan ƙafar ba shi da tafiya."

Ko kallon ƙanensa bai yi ba. Chindo ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Wallahi da ya kalle shi ma da sauƙi.

Daga ranar komai ya zame masa shaida. Ya iske Ubaidullahi da ƙanensu Sale suna ƙus-ƙus a bayan turken awaki, da suka hango shi suka shiga zancen farashin wake. Ya ga an ara wa maƙwabci hauyarsa ba a tambaye shi ba. Ubaidullahi ya je Cadakori ya dawo bai ce ga abin da ya kai shi ba. Kai, har gaisuwar safe sai Chindo ya juya ta a ransa ya ga ta gajarta.

Ya kira Zainaba ɗaki ya gaya mata abin da yake so.

Ta dafe ƙirji. "Maigida, mace ba ta leƙa rumbun gandu. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa taka tsanin nan ba."

"To ni zan taka?" Ya buga ƙafar da sanda. "Ware mu za su yi. Na ji da kunnena."

"Yaya ya gaya maka?"

"Ya faɗa a gaban jama'a."

"A kanka, ko a kan Bature?"

Ya daka mata tsawa, ta amince. Ita ma tsoro take ji, don ta ga yadda wuyan autarta ya rame bara.

Dabarar ba wuya. Bayan azahar maza duk suna rumfa, matan gidan suna rijiya. Zainaba sai ta ce kanta na ciwo, ta jingina tsani, ta ɗage jinka, ta kwance dami ta cika kwando da zangarniya, ta tura ƙarƙashin gado. Shi kuwa Chindo yana rumfa a gaba-gaba inda kowa zai gan shi. Mutumin da a da ba ya tanka wa gardama sai ga shi ya fi kowa ɗaga murya.

Ana cikin haka, a cikin wasan aka buɗe akwatin biskit aka tarar ya yi ƙasa. Soja ya jera mutane yana zare ido. Rumfa ta rabu: wasu suka ce Masunci ne, don shi ke tashi da sassafe, Ɗanmalam ya rantse Sojan ne da kansa.

"In Gurgu ne fa?" Chindo ya ji bakinsa ya faɗa.

"Haba dai!" in ji Labo. "Shi da ko tashi ba ya yi? Allah sarki, bar bawan Allah da abin da ya dame shi."

Chindo ya saci kallon wansa. Ubaidullahi yana sakace haƙori da tsinke, idonsa a kan akwatin talabijin.

Ranar Juma'a da hantsi Sale ya kwaɓa laka a gindin rumbu. Mazan gidan suka tsaya, mata suna leƙe ta bayan darni. Chindo ya dogara da sandarsa, ya shirya wa maganar da ya daɗe yana jira.

"Abin da muka samu bana ba zai kai mu ba in duk muka zauna muna ci," in ji Ubaidullahi. "Ni da Sale za mu tsallaka Katsina ci-rani, na je Cadakori na yi magana da mai mota. Sai ruwa ya sauka za mu dawo. Chindo, gida da rumbu suna hannunka. Kana cikin gandu, kai da 'ya'yanka, har ranar da Allah zai ɗau raina. Ban so in gaya maka da wuri ba, don na san halinka, cewa za ka yi sai ka bi mu."



"Mai tsaro shi ke sa tafinsa a kan laka, haka baba ya yi wa ƙanensa," Ubaidullahi ya ci gaba. Ya tuɓe riga ya durƙusa. "Hau bayana."

"Yaya, ka sa min naka ya isa."

"Ba a yi. Hau."

Sale ya riƙe tsani. Ubaidullahi ya hau da shi a goye, taki bayan taki, yana nishi, gumin bayansa yana jiƙa rigar Chindo. Da suka kai sama ya ture jinka gefe. Rana ta haska cikin rumbun. Ga dammuna a jere yadda Ubaidullahi da hannunsa ya jera su, ga kuma rami a ɓangaren tsani, da igiyoyin dami a kwance, da zangarniya a warwatse.

Ubaidullahi ya daɗe yana kallo. Chindo yana jin numfashinsa a ƙirjinsa, yana jira ya waigo, ya zage shi, ko ya sake shi ya faɗo. Bai waigo ba. Ya miƙa hannu Sale ya ɗora masa murfi, ya kifa, ya karɓi laka ya shafe gefen a hankali har ya zagayo.

"Sa hannunka," ya ce.

Chindo ya sa. Lakar da sanyi, ya taɓa ta sama-sama, shatin yatsun ya fito a karkace.

"Danna sosai," in ji wansa. "Yadda kowa zai gane naka ne."